Kwana Tara Babu Talabijin

Talabijin ɗinmu ya mutu ranar wata Talata da dare, ana tsakiyar labarai. Hoto ya fara ɗaukewa, murya ta bi bayansa, aka bar mu da wata 'yar jar fitila tana ƙyafta ido a ƙasan gilashin. Mai gyara ya zo washegari, ya kwance bayan akwatin, ya ce wani ɗan ƙaramin abu ne ya ƙone amma sai an nemo irinsa. Neman nan ya ci kwana tara.

Ba zan ce muku a kwanakin nan gidanmu ya zama abin sha'awa ba. Daren farko jugum-jugum muka yi. Yara sun yi faɗa sau uku kafin su kwanta, ƙaramarsu ta yi kuka har ta gaji, ni kuwa sau biyu ina kama kaina ina laluben rimot a gefen kujera alhali na san babu abin da zai kunna. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne da yara suka yi barci aka bar ni da matata a falo, sai na rasa ta inda zan fara. Shekara goma sha ɗaya da aure fa. A daren ne na lura duk kujerun falonmu wuri ɗaya suke fuskanta, babu guda biyu da ke kallon juna. In kana son ganin fuskar na kusa da kai sai ka murɗe wuya.

A dare na huɗu ta ce, "Baban yara, akwai maganar da nake so mu yi." Ashe malamar ɗanmu na tsakiya ce ta kira ta, ta ce yaron ba ya gane karatu kamar sa'o'insa, har ya fara ɓoye littafinsa. Na ce tun yaushe? Ta ce wata biyu ke nan. Raina ya ɓaci, na ce me ya hana ki faɗa mini? Ta dube ni, ba cikin faɗa ba, ta ce, "Da yaushe zan faɗa? Lokacin talla?"

Tun daga ranar na canza ra'ayi a kan wata muhawara da na daɗe ina shiga da ƙarfina. Duk inda aka tayar da maganar talabijin da iyali, abin da ake nunawa ake kamawa: fim kaza ya lalata tarbiyya, shiri kaza babu kunya a cikinsa, yara suna koyon duka daga zane mai motsi. Ban ce babu gaskiya a ciki ba, zan dawo kanta. Amma a gidana ba a nan gizo yake saƙar ba. Ni labarai nake kallo, da muhawara, da ƙwallo. Babu abin da zan ji kunyar a gan ni ina kallo. Duk da haka wata biyu matata tana ɗauke da damuwa a ƙarƙashin rufi ɗaya da ni ba ta sami kafar sauke ta ba. Ɓarnar da ta fi yawa, a ganina, tana cikin abin da akwatin ya tura waje, wato maganar da za a yi da a ce shiru ne a ɗakin. Kuma mafi munin sa'o'insa su ne waɗanda yake kunne ba wanda ya zauna takanas don ya kalle shi.

An auna wannan, ba hasashena ba ne. A 2009 wani likitan yara a Jami'ar Washington da ke Seattle, Dimitri Christakis, shi da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon wani bincike a kan yara 329, daga 'yan wata biyu zuwa 'yan shekara huɗu. An sa wa kowane yaro 'yar na'urar naɗar sauti a rigarsa, tana ɗaukar duk abin da kunnensa ke ji daga safe har dare. Suka tarar duk sa'a guda da ake jin muryar talabijin a wurin, kalmomin da yaro ke ji daga bakin manya suna raguwa da kimanin 770, alhali abin da babba kan furta a sa'a guda kusa da yaro bai cika kaiwa dubu ba. Wato kusan maganar gaba ɗaya ke tafiya. Shi ma yaron gwarancinsa raguwa yake yi. Yaro kuwa ba daga sauti kawai yake koyon harshe ba, daga amsa yake koyo: ya ce "ba", a ce masa "Baba kake kira?", ya yi dariya ya sake. Akwatin yana iya yin magana kwana da yini, amma ba zai taɓa amsa masa ba.

Shekara guda kafin wannan, a Jami'ar Massachusetts, su Daniel Anderson sun yi wani gwaji da ya fi tsaya mini a rai. Suka kawo yara 50, 'yan shekara ɗaya da biyu da uku, aka ba kowanne kayan wasa na tsawon sa'a guda. Rabin lokacin talabijin na kashe, rabin kuma an kunna wani shirin kacici-kacici na manya wanda bai shafi yaro da komai ba. Yaran ba su ma kalle shi sosai ba, ɗaga kai kawai suke yi na 'yan daƙiƙu su mayar. Amma wasansu ya gutsuttsure. Wanda ya ɗauki abu ya dulmiya a cikinsa sai ya sake shi da wuri ya koma wani. Daga baya suka maimaita gwajin suna lura da iyayen, suka ga su ma maganarsu da yaran ta ragu, wadda suka yi ɗin ma ta zama ta jeka-na-yi-ka. Duk uban da ya taɓa cewa "to, to, na gani" ba tare da ya juyo ba ya san irin maganar da ake nufi. Ƙaramar 'yata tana da maganin wannan: takan hau cinyata ta kama haɓata da hannu biyu ta juyo da fuskata. Na daɗe ina ɗaukar abin wasa ne.

Wani zai ce ai wannan na jarirai ne. To akwai labarin wani ƙaramin gari a lardin British Columbia na Kanada, wanda duwatsu suka kare shi har zuwa 1973 hoton talabijin ba ya isa can. Da aka ji za a kawo musu, wata malamar jami'a, Tannis MacBeth Williams, ta yi sauri ta je da tawagarta suka nazarci rayuwar garin kafin akwatin ya shigo, suka sake komawa bayan shekara biyu, suna kwatanta shi da wasu garuruwa biyu da suka riga suka samu. Don sakaya sunansa suka kira shi Notel. Abin da aka fi yayatawa daga binciken shi ne cewa faɗa da zage-zage sun ƙaru tsakanin yara a filin wasan makaranta, maza da mata. Ni kuwa ɗaya sakamakon ne ya fi taɓa ni: fita zuwa tarukan gari da wasanni ta ragu, kuma raguwar ta yi tsanani a wajen dattawa. Mutanen da a da sukan fito su zauna cikin matasa, ana ganinsu suna ganin jikokin wasu, sai suka koma ɗaka. Ba wanda ya kore su. Zumunci a ƙafa yake, ƙafar ce ta sami abin da ya zaunar da ita.

Ka tuna kuma da saurin da abin ya zo. A Amurka, a 1950 gida 9 ne kacal cikin 100 ke da talabijin. Zuwa 1960 ya kusa zama gida 9 cikin 10. Cikin shekara goma aka sake wa maraicen al'umma guda fasali, ba a tambayi kowa ba, ba a kuma san abin da za a rasa ba sai da aka rasa shi.

Yanzu in dawo kan abin da ake nunawa, don kada a ce na kauce. Yana da tasiri, tasirin ma ya fi wanda masu kuka da shi suke zato, sai dai ba kullum yake tafiya inda suke tsammani ba. A Brazil, mace ɗaya takan haifi 'ya'ya sama da 6 a 1960, zuwa 2000 abin ya sauko ƙasa da 3. Dalilai suna da yawa, amma wata masaniyar tattalin arziki, Eliana La Ferrara, da abokan bincikenta sun bi sawun yadda tashar Globo ta riƙa isa yankuna ɗaya bayan ɗaya da wasanninta masu dogon zango, waɗanda galibin taurarinsu mata ba su da ɗa ko kuma ɗa ɗaya gare su. Inda tashar ta isa, haihuwa ta fi raguwa, har iyaye suka riƙa sa wa jarirai sunayen 'yan wasan. Wani binciken nasu ya nuna rabuwar aure ma ta ƙaru a wuraren. A Indiya kuwa, wasu masana tattalin arziki, Robert Jensen da Emily Oster, sun bi ƙauyuka 180 daga 2001 zuwa 2003, suka ga inda tashoshin kebul suka shiga, matan da ke ganin daidai ne miji ya doki matarsa sun ragu, fifita ɗa namiji a kan 'ya mace ma ya ragu. Wanda ke son ya la'anci akwatin ɗungurungum sai ya yi bayanin wannan na biyun. Abin da na ɗauka daga duka biyun shi ne talabijin baƙo ne mai ra'ayi a kan yadda gida ya kamata ya kasance, yana faɗin ra'ayinsa kowane dare cikin labari mai daɗi, kuma yana samun sa'o'in da kaka da kawu da gwaggo ba sa samu. In iyali suna tattauna abin da suka gani, ra'ayinsa ya zama ɗaya cikin da yawa. In ba sa magana, shi kaɗai ya yi magana a gidan. Ka ga mun koma inda muka taso.

Akwai kuma maganar rimot, wadda maza ba mu cika son a tayar ba. A tsakiyar shekarun 1980 wani masani ɗan Birtaniya, David Morley, ya zauna da iyalai 18 a kudancin Landan yana tambayarsu yadda suke kallo. Kusan a kowane gida rimot na hannun uba. Maza suna son a yi tsit in suna kallo, mata kuwa suna kallo ne hannunsu na kan wani aikin, wasu har suna jin kamar laifi suke yi in sun zauna kallo kawai. Shekara arba'in ke nan, a wata ƙasa can, amma da na karanta sai na ji kamar falona aka leƙa. Ni ne mai cewa "ku yi mana shiru" a ɗakin da shi kaɗai ne muke haɗuwa mu duka. Ni ne mai sauya tasha ana tsakiyar shirin wani ba ko sallama. Sannan ni ne mai yi wa yara wa'azi a kan yawan kallo. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

A tsakanin miji da mata, ina ganin aikin da akwatin ke yi ya fi wannan zurfi. Ba shi ne ke haddasa saɓani ba, zo mu zauna ai zo mu saɓa ne tun kafin a ƙera shi. Abin da yake yi shi ne ya sa zaman doya da manja ya zama mai sauƙin jurewa. Mutum biyu da suka ɓata, in aka bar su a ɗaki shiru, ba za su iya kwana uku a haka ba, dole ɗaya ya fashe, a yi ta ta ƙare. Amma in akwai murya ta uku da ke cika ɗakin, ga wurin da za a ajiye ido ba sai an haɗa shi da na juna ba, ana iya shekara a haka. Kowa zai rantse lafiya lau ake, tunda kullum tare ake zama. Har dariya ana yi a lokaci ɗaya, sai dai ba da juna ake yin ta ba. Na san ma'auratan da suka fi sanin matsalar auren mutanen cikin fim fiye da tasu.

A nan dole in sassauta, don akwai wadda ake yawan ɗora wa laifi ba da haƙƙi ba. Uwar da ta yini tana aiki, ga wanki ga girki ga jariri a hannu, in ta zaunar da ɗan shekara uku gaban zane mai motsi don ta sami minti talatin, ba sakaci ta yi ba, dabara ta yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara a 2019 cewa kada a zaunar da jariri da ɗan shekara ɗaya gaban allo sam, 'yan shekara biyu zuwa huɗu kuma kada su wuce sa'a guda a yini. Shawara ce mai kyau. Amma takarda ba ta riƙe yaro. Duk namijin da zai karanta wa matarsa wannan ƙa'ida, ya fara tambayar kansa ko a shirye yake ya ajiye rimot ya karɓi yaron na wannan minti talatin ɗin. In ba haka ba ya yi shiru.

Abin da na fi jin haushin rasawa shi ne ƙarshe. Da can talabijin yana da lokacin tashi. A Birtaniya, har zuwa farkon 1957, tashoshi sukan rufe daga ƙarfe 6 zuwa 7 na yamma, musamman don iyaye su sami damar kwantar da ƙananan yara. Kamfanonin da ke rayuwa da kuɗin talla ne suka matsa har aka soke tsarin. A Iceland, gidan talabijin na ƙasa ba ya watsa komai a watan Yuli gaba ɗaya har zuwa 1983, kuma ba ya aiki ranar Alhamis har zuwa 1987. Ƙasa guda ta ware dare ɗaya a mako ta ce ku je ku nemi juna. Yau wannan sai ya zama abin dariya, ko a ce danniya ce. Amma dubi abin da ya maye gurbinsa. Yanzu kashi na gaba yana fara kansa kafin ka miƙa hannu, ana ƙirga maka daƙiƙu a kusurwar gilashi. A 2017 shugaban Netflix, kamfanin haska fina-finai ta intanet, na lokacin, Reed Hastings, ya faɗa da bakinsa cewa da barci suke gasa. Na yaba masa da bai ɓoye ba. Sai dai wanda ke gasa da barcinka ya riga ya gama da hirarka, don hira ake fara yankewa kafin a taɓa barci. Da can tasha ce ke cewa ya isa haka, sai da safe. Yanzu an bar wa gajiyayyen mutum da ƙarfe goma sha ɗaya na dare ya faɗa wa kansa, alhali a ɗaya ɓangaren akwai ƙwararrun da albashinsu ya dogara a kan kada ya faɗa.

To me zai hana a fitar da akwatin daga gida a huta? Na yi wannan tunanin a dare na bakwai, lokacin da abubuwa suka fara daɗi, yara suka ƙirƙiro wani wasa da matasan kujera wanda har yau ban gane dokokinsa ba. Abin da ya dawo da ni shi ne babban ɗana, mai shekara goma, da ya zo ya ce, "Baba, ara mini wayarka tunda babu talabijin." Nan na ga an gudu ba a tsira ba. Gidan da ya kori babban allo ya bar ƙanana huɗu ya yi asara biyu. Talabijin, duk laifinsa, abu ne da ake gani tare. Na san abin da ɗana ya kalla domin ina wurin. In wani abu ya ba shi tsoro ina ganin fuskarsa, in an yi abin kunya a fim kowa ya tsargu a lokaci ɗaya, wannan tsarguwar ma tarbiyya ce. Ranar wasan ƙarshe na ƙwallo, da muka yi tsalle mu biyar har ƙaramar da ba ta san wa ya ci ba, ba zan ce wannan ba zaman iyali ba ne. A 1953, da aka naɗa Sarauniya Elizabeth, miliyoyin 'yan Birtaniya a falon maƙwabta suka kalla, don masu akwatin ba su da yawa. Abin da aka fara da tara unguwa a ɗaki ɗaya, ya koma tara gida ɗaya, yanzu kuma kowa ya shige ɗakinsa da nasa a tafin hannu, kunne a toshe. In aka bi wannan layin, akwatin falo shi ne wuri na ƙarshe da ya rage ana haɗuwa, kuma ba na son in zama wanda ya rushe shi.

Saboda haka da mai gyara ya dawo da shi a rana ta goma, na biya shi na karɓa. Abu biyu muka canza, kuma ba na jin sun isa a kira su tsari. Ba a kunna shi sai an san abin da za a kalla, in ya ƙare a kashe, ko da wani abin na biye. Sannan muka juya kujera ɗaya ta ba akwatin baya, tana fuskantar sauran. Dokar farko ni na fi kowa karya ta, musamman in ana wani babban labari, nakan bar shi yana ta maimaita abin da na riga na ji sau huɗu. Kujerar kuwa da farko ba mai son ta, sai da ɗanmu na tsakiya ya mayar da ita wurin karatunsa, saboda a cewarsa daga nan ne ake ganin kowa. Yanzu yana karanta mini shafi ɗaya kowane dare, yana bin layi da yatsa, yana tsayawa a dogayen kalmomi ya ɗago ya dube ni. Jiya ya tsaya a wata, ya ɗago, ya tarar idona ya zarce ta saman kansa zuwa gilashin. Bai ce komai ba. Ya miƙa hannu ya ɗauki rimot daga gefena, ya sa a ƙarƙashin cinyarsa ya zauna a kai, ya koma farkon layin.